Jirgin da ke rataye a sama: sharhina kan Schwebebahn na Wuppertal

Duk wanda ya ga hotonsa a intanet zai ɗauka kayan wasa ne, irin wanda ake kafawa a wurin shaƙatawa don yara su hau su sha ihu. Tarago ne a rataye, dogon da yake bi yana samansa, ƙarƙashinsa kuwa babu komai sai iska da ruwan kogi. Amma a birnin Wuppertal, a yammacin Jamus, wannan jirgin shi ne motar haya. Shi ma'aikaci ke hawa da sassafe, shi 'yan makaranta ke cikawa da surutu idan an tashi, shi tsohuwa ke shiga da jakar cefanenta. Sunansa Schwebebahn. Na yi ta hawansa a zaman da na yi a garin, wani lokaci don wata buƙata ta kai ni, wani lokaci kuma don kallo kawai, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda na same shi ga duk wanda hanya za ta bi da shi ta wannan yanki.

Tsawon layin kilomita 13.3 ne, tashoshinsa 20, daga Vohwinkel a yamma zuwa Oberbarmen a gabas, kuma daga wannan ƙarshe zuwa wancan tafiyar kusan minti 30 ce. Kimanin kilomita 10 yana bin saman kogin Wupper, tsakaninsa da ruwa wajen mita 12. Sauran kilomita uku da ɗoriya yana bin saman titi, a tsayin mita 8. Ƙafafunsa na ƙarfe a kan rufinsa suke, suna gudu a kan dogo guda ɗaya tak, shi kuwa taragon yana reto a ƙasa. Abin da ke riƙe da dogon ginshiƙan ƙarfe ne masu ruwan kore, a saman kogi sun buɗe ƙafa, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, a saman titi kuma sun lanƙwasa sun haɗe a sama, motoci na wucewa ta tsakaninsu. Jirgin ba ya komawa da baya. Idan ya kai tashar ƙarshe ya sauke mutane, sai ya zagaya wata 'yar kwana ya dawo ta ɗaya ɓangaren, don haka ƙofofinsa a gefe ɗaya kawai suke.

Tambayar da kowa ke fara yi mini ita ce ko akwai tsoro. Akwai ɗan abu, ba zan ɓoye ba, amma ba inda mutum yake tsammani ba. Tsayin ba shi ne matsalar ba, domin idan ka zauna ba ka ganin abin da ke daidai ƙarƙashinka. Lilon ne. Tun a tasha za ka lura, lokacin da mutane ke tururuwar shiga, taragon yana ɗan motsi gefe da gefe a bakin dandamalin. Idan kuma ya shiga kwana da gudu sai ya karkace waje, ka ga ruwan kogi ya cika tagar gefe ɗaya, sararin sama ya cika ta ɗaya gefen. Abin mamakin shi ne jikinka ba ya jin ana wurgi da shi kamar yadda ake ji a mota idan direba ya sha kwana da ƙarfi, domin karkacewar ita ke shanye ƙarfin, nauyinka na nan a kan ƙafafunka. Ido ne ke tsorata. Bayan tasha biyu ko uku sai ka ga ka daina riƙe ƙarfe da hannu biyu. Mai saurin jiri dai ya nemi wurin zama, kada ya tsaya, kuma ya bar karatu a waya har ya sauka. Gudunsa ba ya wuce kilomita 60 a awa, yawanci ma bai kai haka ba, saboda tashoshin na kusa da juna.

A gidan da na sauka akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya daɗe a yankin, shi da maiɗakinsa. Shi kullum a cikin jirgin yake, ko ɗaga kai ba ya yi. Ita kuwa ta gwammace ta jira bas, ko da za ta ninka lokacin. Na ce mata, "Hajiya, abin nan fa ya haura shekara 120 yana rataye." Ta ce, "To ai shi ya sa, ɗana." Alhaji ya yi dariya ya ce in rabu da ita, ya gaji da wannan shari'ar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin da ya sa aka yi shi haka, domin ba don burgewa aka yi ba. Wuppertal gari ne siriri, dogo, a kwance cikin kwari, tuddai sun matse shi hagu da dama. A ƙarshen ƙarni na 19 ba ma gari ɗaya ba ne. Barmen da Elberfeld da Vohwinkel kowanne da hukumarsa, sai a 1929 aka haɗe su da wasu maƙwabtansu, aka raɗa wa sabon birnin suna Wuppertal a 1930. Garuruwan sun yi arziki da saƙa da rini da haɗa sinadarai, mutane sun cika maƙil, masana'antu da gidaje sun cinye duk wani fili da ke shimfiɗe. Titunan sun yi wa motsin jama'a kaɗan. Haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa kuma aiki ne mai wuya a wurin da ke da dutse ga ruwa kusa. Fili ɗaya ya rage da ba na kowa ba, wanda ya ratsa garuruwan daga farko har ƙarshe, shi ne saman kogin. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Dabarar ta wani injiniya ce ɗan birnin Kolon, Eugen Langen, mai masana'antar sukari, wanda kuma ya yi haɗin gwiwa da Nikolaus Otto wajen ƙera injin da ya zama kakan injin mota. Ya kai tayin jirginsa manyan birane irin su Berlin ba su karɓa ba, sai mutanen wannan kwarin suka ce suna so. Bai ga kammaluwar aikin ba, ya rasu a 1895. An fara gini a 1898, aka zuba ƙarfe kimanin tan 19,200. Sarkin Jamus Wilhelm na biyu da matarsa sun yi hawan gwaji ranar 24 ga Oktoba 1900, aka buɗe ɓangaren farko ga jama'a ranar 1 ga Maris 1901, layin ya cika a 1903. Taragon da sarkin ya shiga yana nan an adana shi, an daɗe ana hayarsa don bukukuwan aure da yawon baƙi.

Kada dai wani ya ɗauka ƙarfen 1901 yake hawa. Bama-baman da aka yi wa Barmen da Elberfeld ruwansu a 1943 sun lalata sassa da yawa, sai a 1946 jirgin ya dawo aiki gaba ɗaya, tashoshi biyu ma sun daɗe babu su: Ohligsmühle sai 1982 aka sake gina ta, Kluse kuwa sai 1999. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka shiga sauya ginshiƙai da dogo da tashoshi kusan duka, aikin da ya ci shekaru masu yawa. Taragun da ke aiki yanzu, masu launin shuɗi mai haske, sun fara ɗaukar fasinja a ƙarshen 2016. Kowanne gaɓa uku ne a haɗe, tsawonsa wajen mita 24. Hanyar dai ita ce ta asali, haka ma dabarar.

Mafi kyawun kujera tana can baya. Ƙarshen taragon gilashi ne babba tun daga sama har kusa da ƙasa, kana zaune kana ganin dogon yana gudu a samanka, kogi na shimfiɗuwa a bayanka, wani jirgin na wucewa ta gefe. Kowa ya san da ita, don haka a tsakiyar hanya da wuya ka same ta babu mutum, yara da baƙi masu kamara sun riga ka. Dabarar ita ce ka hau daga tashar ƙarshe, ka tsaya daidai ƙofar baya tun kafin jirgin ya zagayo. In wani ya riga ka, bar shi ya tafi, domin da rana kowane 'yan mintoci wani na zuwa. Wannan yawan zuwan nasa na daga cikin abin da na fi yaba masa. Ba ka buƙatar jadawali. Babu danja, babu cunkoso, babu mai tare masa hanya. Kimanin mutum dubu 80 ke hawansa a ranar aiki, a garin da mutanensa ba su kai dubu 400 ba.

Ni a ganina a fara daga Vohwinkel. Yawancin hotunan da ake yaɗawa na saman kogi ne, amma ɓangaren titi ya fi ban mamaki. Nan jirgin ke bin saman Kaiserstraße da Sonnborner Straße, shaguna da motoci da masu tafiya a ƙafa a ƙarƙashinka, gidaje dama da hagu, tagogin bene daidai da idonka, kusa ƙwarai. Kana ganin labule, da tukunyar fure, wani lokaci har mutum a teburin cin abinci. Nan na ɗan ji nauyi. A wurinmu ko magini zai hau saman soro sai an aika an gaya wa maƙwabta, don mata su kintsa. Su kuwa mutanen wannan titi jirgi cike da baƙin ido na wuce tagarsu tun asuba har dare, sun saba, wasu ko labulen ba sa saukewa. Na riƙa kawar da kai, ina kuma tunanin yadda suke barci da ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, domin duk da sababbin taragun ba su da hayaniya sosai daga ciki, wanda ke tsaye a ƙasa yana jin rugugin wucewarsu sarai.

A tsakanin titunan nan biyu jirgin ke tsallake saman babbar hanyar mota ta A46, inda hanyoyi suka hau kan juna, daga baya ya yi kwana kusa da filin ƙwallo, ya faɗa saman kogi. Tashar Zoo/Stadion nan take, ga mai son kai yara gidan namun daji. Gaba kaɗan za ka ratsa tsakiyar masana'antar Bayer, bututu da tankuna ta ko'ina, abin da mai tafiya a ƙasa ba zai taɓa gani ba saboda katanga. A Barmen aka kafa kamfanin a 1863, da rini ya fara, kuma a ɗakin bincikensa na Elberfeld aka haɗa maganin Aspirin a 1897. Kogin da ke ƙarƙashinka ya sha wahalar wannan arziki. A zamanin marina da masaƙu ruwansa kan sauya launi gwargwadon abin da aka zubar a ranar, ya kuma yi suna wajen wari. Yanzu ya washe, ana ganin duwatsun ƙasansa, kifi ya dawo, na sha ganin zalɓe tsaye a cikin ruwan jirgi na wucewa ta kansa bai ko motsa ba.

Tsakiyar Elberfeld ba ta da wani abin a zo a gani daga sama, in ban da babbar tashar jirgin ƙasa, inda yawancin baƙi ke hawa. A Adlerbrücke mai sha'awar tarihi zai iya sauka ya ga gidan dangin Friedrich Engels, abokin Karl Marx, wanda aka haifa a Barmen a 1820, ɗan mai masaƙa. A cikin tashoshin, Werther Brücke ce ta fi kyau, da adonta na farkon ƙarni na 20. Wasu tashoshin kuwa gilashi ne da ƙarfe irin na zamani, ba yabo ba fallasa. Duka suna da lif, abin da ke da muhimmanci ga tsoho ko mai keken jariri, tunda kowace tasha a sama take.

Tsakanin tashoshin Alter Markt da Adlerbrücke ne aka yi abin da garin ya fi shahara da shi. Ranar 21 ga Yuli 1950, Franz Althoff, mai kamfanin wasa da dabbobi, ya ga babu tallan da ya fi ya sa 'yar giwarsa mai suna Tuffi a cikin jirgin. Aka saya mata tikiti, aka shigar da ita, 'yan jarida suka cika taragon. Da jirgi ya tashi ya fara lilo, ga matsi ga hayaniya, giwa ta firgita, ta fasa gefen taragon ta faɗo cikin kogi daga tsayin wajen mita 10. Allah ya yi da sauran kwananta, 'yar ƙujewa kawai ta samu, ta rayu har 1989. 'Yan jaridar da aka tara don su ɗauki hoto babu wanda ya ɗauki faɗuwar, kowa na ta kansa, saboda haka hoton da ake sayarwa a katin tsaraba haɗi ne. Kotu ta ci tarar mai giwar da jami'in da ya ba da izini. Har yau akwai zanen giwa a bangon wani gida daidai wurin, akwai kuma madara da ake sayarwa da sunan Tuffi. In ba ka zuba ido ba zanen zai wuce ka, don jirgin ba ya rage gudu dominsa.

Maganar Hajiya kuma ba a banza take ba, tana da abin kafa hujja. Ranar 12 ga Afrilu 1999, jirgin farko na safiya ya ci karo da wani ƙarfen maƙala da masu gyaran dare suka manta a kan dogo kusa da tashar Robert-Daum-Platz. Taragon ya tsinke ya faɗa kogi, mutum 5 suka mutu, 47 suka ji rauni. Shi ne haɗari mafi muni a tarihin layin, kuma ba ratayewar ce ta jawo shi ba, sakacin hannu ne. Tun daga lokacin, idan an yi irin wannan gyara sai an fara tura jirgi marar fasinja ya gwada hanyar. A watan Nuwamba 2018 kuma wani dogon ƙarfe mai ba jirgin lantarki ya ɓalle ya faɗo, ba a rasa rai ba, amma aka rufe layin har 1 ga Agusta 2019. Daga Agusta 2020 ma an shafe kusan shekara ba ya aiki sai a ƙarshen mako, saboda ƙafafun sababbin taragun na saurin cinyewa. Nan raunin tsarin yake. Layi ɗaya ne, babu reshe, babu inda wani jirgi zai kauce wa wani, kayan gyaransa kuma ba a saye su a kasuwa tunda babu wani gari mai irinsa sak. Idan ya tsaya, gari duka sai ya koma bas, a cikin titunan nan da tun farko aka ce sun yi kaɗan. Har yanzu akan rufe shi wasu ranakun ƙarshen mako don gyara, don haka wanda zai taso daga nesa musamman dominsa ya duba sanarwa kafin ya kama hanya.

Batun kuɗi babu wahala. Ba shi da tikiti na musamman, kuɗinsa ɗaya da na bas ɗin garin, a tsarin sufurin yankin ma lamba 60 aka ba shi kamar kowane layi. Wanda ke da Deutschlandticket, tikitin wata-wata da ke aiki a bas da taragon titi da ƙananan jiragen ƙasa a duk faɗin Jamus, shiga kawai zai yi. An fara sayar da shi a Mayu 2023 a kan yuro 49, ya koma 58 a farkon 2025. Baƙo ya kula da abu biyu: ba ya aiki a jirage masu sauri irin ICE, kuma rajista ce mai sabunta kanta, in ba ka soke ba kafin 10 ga wata za a cire maka kuɗin wata mai zuwa. Mai kwana ɗaya ko biyu gara ya sayi tikitin yini, ya hau ya sauka yadda ya ga dama. Babu shinge a tashoshin, babu mai tsayar da kai a ƙofa, amma kada wannan ya ruɗe ka. Masu duba tikiti na shigowa ba zato, tarar kuma yuro 60 ce, ba a kuma sauraron "ban sani ba".

Zuwa garin ma abu ne mai sauƙi: daga Düsseldorf wajen minti 20 ne a jirgin ƙasa, daga Kolon kusan rabin awa. Wanda ya sauka a filin jirgin saman Düsseldorf ya riga ya ɗanɗana ɗan'uwan Schwebebahn, SkyTrain, wanda shi ma a rataye yake kuma babu direba, sai dai gajere ne, na jigilar matafiya tsakanin tasha da filin jirgi. A Dresden akwai wani da aka gina da dabarar Langen a 1901, shi kuma tudu yake hawa, tsawonsa bai kai mita 300 ba. Babu ɗayansu da ke ɗauke da gari a kansa kamar na Wuppertal.

Wanda ke neman kyan gani irin na kalanda, tsaunuka da tsofaffin fadoji, wannan ba wurinsa ba ne, ya hau jirgin da ke bin gaɓar kogin Rhine tsakanin Koblenz da Mainz. Abin da Schwebebahn ke nuna maka bayan gari ne: bayan gidaje, tsofaffin masaƙu na jan bulo, bututu, rubuce-rubucen fenti a bango, shanya a baranda. Ni shi ya fi burge ni, amma na ga baƙin da suka sauka fuska ba walwala. A guji lokacin tafiya aiki da lokacin tashin 'yan makaranta, domin a tsaye za ka yi tafiyar, ba abin da za ka gani sai ƙeyar na gabanka. Hantsi ya fi, ko safiyar Lahadi. A watan Disamba rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, bayan nan gilashin fuskarka kawai zai nuna maka. Mai sauran lokaci zai iya leƙa Schwebodrom a Barmen, ɗan gidan tarihin jirgin, in yunwa ta taso kuma akwai shagunan abincin Turkawa da Larabawa birjik a Elberfeld da Oberbarmen, da masallatai ba nisa. Awa biyu sun isa a je a dawo har a sauka a tasha biyu ko uku.